Lambar Gyaɗa

Bayan Allah da Manzonsa, abu biyu Illa wanzami ya yarda da su a duniya: askarsa, da lamba.

Askar gado ce. Lamba kuwa da idonsa ya ga aikinta. Shekarar da agana ta shiga garinsu Tirmini, ya binne 'ya'yansa maza biyu, ƙasar kabarin na fari ba ta bushe ba aka haƙa na biyu. Ya ja ƙofar ɗaki, ya rataya zabira, ya sa matarsa Zara a gaba, suka shigo Damagaram suka sauka a Zango. Ba a jima ba masu lamba na gidan likita suka nemi mutum mai sauƙin hannu, wanda ƙauyawa ba za su watse ba in sun gan shi da ƙarfe. Aka ce ga Illa. Ya bi su shekaru, wata rana kan jaki, wata rana bayan kamiyo, babbar motar kaya, daga Dogo har ƙauyukan da ba a san su ba sai da sunan rijiyarsu. Aikin bai wuce abin da ya iya tun yana yaro ba. A ja fata, a karce, a ɗiga ruwan kwalba, a jira. In wurin ya tashi ya yi ja ya kumbura, to ta kama, yaro ya tsira ko da agana za ta kwana a tabarmarsa. In wurin ya kwanta lumui kamar ba a taɓa ba, aikin banza aka yi, sai an sake.

"Kumburi shi ne shaida," haka yake gaya wa iyaye mata masu kuka. "Ku bar shi ya kumbura. Tabon nan da kuke gani, katanga ce."

Ya ga garin da aka yi wa lamba ya kwana lafiya, maƙwabcinsa da ya ƙi yana haƙa kaburbura. Wanda ya ga wannan, ba a yi masa wa'azi.

A Zango Allah ya ba su 'ya mace. Ya sa mata sunan mahaifiyarsa, Zuliha, don haka bai taɓa kiran sunan da bakinsa ba. Uwata yake ce mata. Da hannunsa ya yi mata lamba a dantsen hagu, ta kama da kyau, ta bar tabo kamar an danna babban yatsa a ɗanyen yumɓu. Daga ita ba su ƙara samu ba.

Ciwon ya fara bayan yaye. Yarinya na zaune lafiya, ta ci abinci, kafin a wanke kwano leɓɓanta sun yi suntum, borin jini ya feso mata faci-faci, tana susa tana kuka. Wani lokaci abin ya tsaya nan. Wani lokaci ƙirjinta ya riƙa busa kamar usur, Zara ta rungume ta tana salati har ya sake ta. An sha rubutu, an yi turare. Wata tsohuwa ta ce iskar tabki ce, wata ta ce bakin mutane. Illa da kansa ya yi mata ƙaho, ya leƙa maƙogwaronta ko belin da ya cire ranar suna ya bar saura. Babu.

Zara ce ta fara cewa abinci ne. To amma wanne? Ba wanda hankalinsa ya je kan gyaɗa. A Damagaram ta wancan lokaci gyaɗa ta shiga komai har ba a ganinta, kamar gishiri. Tana cikin miya, tana cikin kunu, tana jikin kilishi da tsire. Ita kanta Zara sana'arta ke nan, matsar mai da suyar ƙuli-ƙuli, irin ta matan Barebari da ta koya wurin uwarta.

Shekara guda bayan ƙuri'ar I da A'a ta zama da Faransi ko rabuwa, Zuliha ta fara famfara, Majo Modu ya zo aski. Shi ne babban ma'aikacin gidan likita a cikin baƙar fata, tsohon abokin yawon lambar Illa, Babarbare kamar Zara, shi ya sa yake ce mata ƙanwa.

"Sarkin aska, an kawo mana wani sabon likita," in ji shi. "Yaro ne, rana ta gasa shi kamar tattasai, amma yana da wata dabara. Fata yake tambaya. Ka kawo 'yar ƙanwata."

"Fata tana magana ne?"

"Kai da ka ci abinci da fatar mutane har ka yi furfura, ni kake tambaya?"

Suka je da hantsi, su uku. Likitan ya sa aka jera 'yan ƙananan tasoshi a kan tebur: nono, ƙwai, busasshen kifi da aka daka, wake, riɗi, gyaɗa, da ruwan gishiri zalla. Ya kama hannun Zuliha ya juya cikinsa sama, ya goge da auduga mai wari. Yarinyar ta dubi ubanta.

"Ba komai, Uwata. Ko kaza ta fi wannan karta."

Likitan ya riƙa karce fatar da wata 'yar allura, a jere, daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu, kowane karce ya ɗiga masa abu guda. Illa ya matso yana kallo da idon mai sana'a. Ya taɓe baki.

"Majo, hannunsa na tsoro. Ko jini bai fito ba."

"Ba a son jini. Yi shiru."

Suka jira. Ƙuda na yawo a kan tasar kifi. Zara ta ja mayafi ta rufe baki. Can sai Zuliha ta fara motsi, ta kai hannu za ta sosa, Modu ya riƙe ta. Wurin nono shiru. Wurin ƙwai shiru. Wake da riɗi da kifi, duk sun kwanta kamar ba a taɓa su ba. Na kusa da gwiwar hannu ne ya tashi. Ya yi fari a tsakiya, ja a gefe, yana faɗi ana kallo, har ya kai girman ƙwan zabo da aka fasa.

Fuskar Illa ta washe. Rabon da ya yi irin wannan murmushi tun ranar sunan yarinyar.

"Ta kama!" ya ce. "Alhamdu lillahi. Majo, dubi, ta kama!"

Likitan ya tambayi abin da ya ce. Da Modu ya fassara masa, sai ya ajiye allura, ya yi magana mai tsawo da Faransanci, yana girgiza yatsa, yana nuna kumburin, yana nuna maƙogwaronsa.

Modu ya juyo. Babu wasa a muryarsa.

"Illa, saurara da kunne biyu. Wannan ba lamba ba ce. Ba magani aka sa mata ba. Tambaya aka yi wa fata, fata ta ba da amsa. Gyaɗa ce. Ɗigo guda a bisa fata ya yi wannan, to ka auna loma a ciki. Ya ce kada ta ci, kada ta lasa, ko mai, ko ƙuli, ko kunu. Ba yau ba, ba baɗi ba. Har abada. Ya ce wata rana maƙogwaron zai rufe, ba zai buɗe ba."

Zara ta ce, "Na ji." Sau ɗaya ta faɗa, ta ɗauki 'yarta ta goya, duk da ta wuce goyo.

Illa ma ya ce to. Amma a hanya idonsa na kan hannun yarinyar. Kafin la'asar kumburin ya sace. Washegari ko alama babu. Ya shafa wurin da yatsa, ya yi tsaki a ciki. Lambar da ba ta bar tabo ba, ai ba ta gama kamawa ba.

Ranar nan Zara ta kife kaskon suya a bayan ɗaki, ta ba maƙwabciya turmin, ta kankare tukwane da toka. Ta koma miya da man shanu in an samu, in ba a samu ba lami. Ta samo wani ɗan ƙoƙo, ta ƙona masa baki da wuƙa mai zafi don kada ya ɓace cikin sauran. Wannan na Zuliha ne, duk inda za ta da shi za ta.

Ciwon ya tsaya cak. Yarinya ta yi kumari, fatarta ta yi sumul, tana barci ba busa. Wannan ko Illa bai musa ba.

Sai dai kaka ta zo, gari ya cika da gyaɗa. Buhuna sun yi tsauni a bakin kantunan Nasara, raƙuma na saukewa, kamiyo na ɗauka, ɓawo har cikin kwata. Kowane gida ana suya. Yara na yawo da aljihu cike, suna ɓarewa suna watsa wa baki. Zuliha ba ta shiga gidan kowa sai da uwarta. In an zuba wa yara abinci a tasa guda sun kewaye ta suna ture-ture, ita tana gefe da ƙoƙonta a cinya, tana ci a hankali, idonta a kan tasar.

Ranar wani suna a Birni abin ya soki Illa. Gidan wani baduku ne, an kira shi askin jariri. Yana tsugune a tsakar gida, jariri a hannun ungozoma, yana sauke gashin fari. Zara na cikin mata. Zuliha na jikin bango ita kaɗai. Wani ɗan yaro ya rarrafa wurinta, ya miƙa hannu ga ƙoƙon. Uwarsa baƙuwa ce, ba 'yar unguwa ba. Ta zabura ta fizge shi.

"Kai, kauce! Ba ka ga kwanonta daban ba? Wa ya san abin da ke jikinta. Ko daga Kara-Kara aka kwaso ta?"

Kara-Kara, can bayan gari, inda ake kai kutare.

Wata ta ja matar gefe tana mata raɗa. Askar Illa ba ta girgiza ba, ya gama aikinsa tsaf, ya karɓi goro, ya yi addu'a. A hanyar komawa, tsakanin manyan duwatsun Birni, Zuliha ta kama bakin rigarsa.

"Baba."

"Na'am, Uwata."

"Yatsuna za su guntule?"

Illa ya sunkuya. Ya ɗauke ta ya ɗora a wuya, don kada ta ga fuskarsa.

Daga ranar, laƙabin ya bi ta. 'Yar Kara-Kara. Yara ba su da mantuwa a kan irin wannan.

Da bazara ya je yi wa Modu aski a gindin dogon yaro, bayan gidan likita. Likitan nan ya riga ya koma ƙasarsu. Nasara da yawa na ɗaure kaya, ana ta cewa mulki zai dawo hannun 'yan ƙasa.

"Majo," in ji Illa, yana wasa aska a tafin hannu, "kakana, kafin a san ruwan kwalba, sayen agana yake yi. Ya je gidan mai ciwo ya ɗebo ruwan ƙurji a tsinke, ya tsaga lafiyayye ya sa masa. Ya yi 'yar rashin lafiya, ya tashi, shi da agana har abada. Ƙaramar cuta ake nuna wa jiki, in babbar ta zo ya gane ta tun daga ƙofa."

"Haka ne. Wasu kuma su mutu."

"Agana fa. Mai share gari. Tsaga ta tsare ta. Balle gyaɗa, abin da ɓera ke wasa da shi?"

Modu ya ɗaga hannu ya riƙe wuyan hannunsa, kai rabi a aske.

"Na san inda ka dosa. Jikin 'yarka ya riga ya san gyaɗa, Illa. Sanin ne ciwon."

"Likitan nan bai tsaga ba, shafa ya yi. Da ya shiga da kyau..."

"Da ya shiga da kyau da a tebur ɗin za ta mutu. Ka bar ta da ƙoƙonta. Mai ƙoƙo daban yana aure, yana haihuwa, yana tsufa."

"Wa zai auri matar da ba ta shiga madafa? Wace uwar miji za ta karɓi ƙoƙo daban?"

"Yarinyar da haƙoranta ba su gama fitowa ba kake wa kukan uwar miji? Gama mini askina, Sarkin taurin kai, kada in koma aiki kamar zakaran da aka fige rabi."

Suka yi dariya. Illa ya gama askin. Bai ƙara tayar da maganar ba, Modu kuma ya ɗauka ta mutu.

Farkon damina aka yi wa Zara rasuwa a Dogo, ta tafi gaisuwa, ta bar yarinyar da ubanta, bayan ta jera masa gargaɗi kamar mai karanta wasiyya. Washegari da hantsi Illa ya rufe ƙofar zaure. Ya fito da ƙwayar gyaɗa daga zabira, ya murƙushe a kan dutse har ta yi laushi. Ya wasa 'yar tsaga. Ya yi alwala.

"Zo, Uwata. Kin ga wannan ta hagun? Wa ya yi miki?"

"Kai."

"Agana ta taɓa ki?"

"A'a."

"To yau ta dama za mu yi. Ta gyaɗa. In ta kama, kin gama da ƙoƙo."

Ta dube shi, ta dubi ƙoƙon da ke kife a kan randa. Ta miƙo dantse da kanta.

Ya yi bisimilla, ya tsaga yadda ya iya, gajeru, a jere, jini ya tsattsafo. Ya shafa gyaɗar ya murza da babban yatsa. Ba ta yi kuka ba, ta dai cije leɓe.

Abin ya zo da sauri. Dantsen ya haye har kafaɗa, ya yi zafi kamar dutsen murhu. Borin jini ya rufe wuyanta. Idanunta suka kumbura, ƙirjin ya fara busa. Illa ya zauna ya ɗora ta a cinya, gumi na bin bayansa, bakinsa na addu'a, zuciyarsa na faɗin abin da ya sha gaya wa matan ƙauye: ku bar shi ya kumbura. Rana ta take tsaka, ta karkata. A hankali busar ta yi sauƙi. Ta yi amai, ta yi barci.

Ciwon ya yi ruwa, ya yi ɓawo, ɓawon ya faɗi. Ya bar tabo mai kyau, ɗan'uwan na hagu.

Illa ya dubi tabon nan ya ji abin da bai ji ba tun Tirmini. A ganinsa ya shiga tsakanin 'yarsa da mutuwa karo na biyu, ya kuma fito da ita.

Zara ta gani tun ba ta sauke kaya ba. Ta kama dantsen ta juya shi wajen haske. Ta aiki yarinyar gidan maƙwabta. Sannan ta tsaya a gabansa, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Malam, me ka sa mata?"

"Lamba."

"Me ka sa a ciki?"

Ya kau da kai.

"Biyu na binne a Tirmini," in ji ta, muryarta ƙasa-ƙasa. "Waɗancan Allah ne ya karɓa, ban ce komai ba. Wannan in ta tafi, ba zan ce agana ba."

"Ta kama, Zara. Da kin ga yadda ta kama. Ga ta nan tana tsalle."

"Tana tsalle don ba ta ci ba! Ka rantse mini. Ka ɗora hannu a kan zabirar ubanka ka rantse ba za ka ba ta ba."

Ya rantse. Ba ƙarya ya yi ba, a lokacin har zuciyarsa ya yi niyyar ya bari, ko don zaman lafiya. Zara ta kira 'yarta ta ja mata kunne: tabo ko ba tabo, ƙoƙonki ƙoƙonki ne. Zuliha ta ce to. Amma Illa ya sha ganinta a bayan ɗaki, zaune kusa da kifaffen kasko, tana shafa tabon da yatsa tana magana ita kaɗai. Bai taɓa ce mata ba ta kama ba. Bai yarda ba ta kama ba, ta yaya zai faɗa?

Ranar da aka sauke tutar Faransi gero ya kai ƙugu, sama ta yi wanka da safe ta washe. Tun hantsi ganguna ke tashi daga wajen bariki. Unguwarsu ta yi karo-karo aka ɗora tukwane a gidan mai unguwa. Maza suka baje tabarmi a ƙofar gida, ana gardamar ko haraji zai tafi tare da Nasara. Mata na ciki, Zara a cikinsu, tana tuƙi. Aka fito wa yara da babbar tasa: dambu da kwaɗon zogale, an barbaɗe shi da ƙuli, mai na ƙyalli a kai.

Yara suka rufa. Zuliha na jikin bango da ƙoƙonta, dambu fari ba komai a kai.

"'Yar Kara-Kara, yau ma?" in ji wani yaro, baki cike. "Yau fa an ce kowa ya samu 'yanci."

Suka fashe da dariya.

Illa na kan tabarma, tsakaninsa da su bai fi tsawon igiyar akuya ba. Ya ga ta ajiye ƙoƙon a ƙasa. Ya ga ta miƙe, ta je bakin tasar, ta juya musu dantsen dama.

"Babana ya yi mini lamba. Ku duba. Ta kama."

Yaran suka leƙa, suka ga tabo irin nasu. Wata yarinya ta matsa ta ba ta wuri. Zuliha ta durƙusa. Ba ta sa hannu ba tukuna. Ta waiwayo ta nemi idon ubanta.

Ya tuna zabira, ya tuna muryar Zara, ya tuna hannun Modu a wuyan hannunsa. Duk sun zo masa. Amma ga 'yarsa a cikin da'irar yara, kafaɗa da kafaɗa, karo na farko, ga tabon da ya yi da hannunsa, irin tabon da bai taɓa ba shi kunya ba a ƙauye ɗari. Girgiza kai kawai zai yi.

Ya gyaɗa mata kai.

Ta cika hannu ta kai baki. Ta tauna, ta lumshe ido. Ta ƙara. Wani ya ture ta, ta rama, tana dariya, mai a haɓarta.

"Baba, da daɗi!"

"Ci, Uwata," ya ce. Ƙirjinsa ya cika. Har ya juya zai taɓa na kusa da shi ya nuna masa.

Tari ya ji. Ƙarami, busasshe. Sannan wani.

Kafin ya miƙe ta dafe wuya da hannu biyu. Leɓɓan sun riga sun tashi. Ta buɗe baki za ta kira shi, ba abin da ya fito sai siririyar busa. Ya sure ta ya saɓa a kafaɗa, ya bar takalmansa a bakin tabarma. A bayansa ya ji ihun yara, ya ji faɗuwar muciya, ya ji muryar Zara ta kira sunan yarinyar sau ɗaya da ƙarfin da bai san tana da shi ba.

Hanyar gidan likita ta toshe. 'Yan lakwal ne, yaran makaranta, a jere da 'yan tutoci, suna waƙa, soje a gabansu, jama'a dama da hagu kamar ranar kasuwar Dole. Ya kutsa yana ture mutane, yana cewa hanya, hanya don Allah. Wani gardi mai tsaron hanya ya daka masa tsawa yana hura usur. Usur ta ko'ina. Ya riƙa kasa kunne, yana neman nata a cikin nasu, ƙaramin, wanda ke jikin kunnensa. Ya ji shi. Ya ƙara ji. Hannunta da ke riƙe da wuyan rigarsa ya saki. Bai tsaya ba, ya ci gaba da gudu, yana gaya mata sun kusa.

Modu ne ke tsaron aiki ranar. Ya karɓe ta ya shimfiɗa a tebur, ya yi mata allura, ya danna ƙirji, ya hura mata baki. Ya daɗe yana yi. Sannan ya tsaya, ya sa tafin hannu ya rufe mata ido.

Da zai gyara mata hannuwa sai ya ga dantsen dama. Ya tsaya a kai. Ya dubi na hagu, ya dawo na dama. Ya ɗago ya dubi abokinsa. Illa ya jira ya zage shi, ya mare shi, ya kira gardi. Modu ya mayar da idonsa kan yarinyar. Ya ja farin ƙyalle ya rufe tabon, sannan ya rufe sauran.

A waje ana harba bindiga, jama'a na sowa.

An binne ta kafin magariba, ƙasa jiƙe, ba ta yi wuyar haƙa ba. Masu gaisuwa suka ce kwana ne ya ƙare. Illa ya ce haka ne. Zara ba ta tona shi ba, ba ta kuma tafi gidansu ba, ko da yake ya so ta tafi. Tana dafa masa, tana amsa sallamarsa. Maganar da ta wuce wannan, babu.

Wani yaro ya kawo ƙoƙon daga ƙofar mai unguwa, da sauran busasshen dambu a ciki. Illa ya wanke shi da kansa. Daga ranar a cikinsa yake cin abinci, a jikin bango, shi kaɗai. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya hana shi. Aski yana yi, don dole a ci. Amma da masu lamba suka aiko za a fita ƙauyuka bayan damina, ya ce a gaya wa Majo hannunsa ya fara rawa.

Da kaka ta zagayo, gyaɗa ta sake cika gari, wata safiya ya ji ƙarar kankara a bayan ɗaki. Zara ce ta tayar da kaskon, tana goge masa tsatsa da yashi. Ta aiko a karɓo turminta. Kafin azahar gidan ya ɗauki ƙamshin ƙuli, mai kauri, ya shiga ɗaki, ya shiga zaure, ya kama tufafi. Babu sauran wanda za a tsare.

Illa na zaune da ƙoƙon a cinya. Bai tashi ya fita ba.